Ka Fara Karɓo Fasfonka, Sannan Mu Yi Maganar Aji

Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani matashi ɗan jihar Katsina da ke zaune yanzu a wata unguwa ta gefen birnin Hanoi, babban birnin ƙasar Biyetnam. Na taƙaita ta saboda tsawonta, na kuma cire sunansa da na cibiyar da yake yi wa aiki, kamar yadda ya roƙa.

"Assalamu alaikum, Malam. Na karanta Turanci a jami'a, na gama bautar ƙasa, na shekara biyu ina neman aiki ban samu ba. Wani dillali ya haɗa ni da wata cibiyar koyar da Turanci a Biyetnam, wadda take ɗaukar baƙi na wata biyar a matsayin masu neman sanin makamar aiki, ta ba su ɗaki da ɗan alawus, ta riƙa tura su makarantun gwamnati. Mahaifina ya sayar da shanu biyu aka biya dillali da kuɗin jirgi. Na shigo a farkon Satumba da bizar yawon buɗe ido ta kwana 90. Sun ce za su mayar da ita ta aiki, suka karɓi fasfona mako shida ke nan, har yau ba su dawo mini da shi ba. Amma ba wannan ne ya fi damuna ba. Kowane aji yara sun haura 40, ƙanana ba sa jin magana, manya kuma ba sa buɗe baki ko na yi tambaya sau goma. Suna dariyar yadda nake furta wasu kalmomi, wasu har taɓa fatata da gashina suke yi. An gaya mini wata uwa ta ce ita Bature take so ya koyar da ɗanta, na kuma gano alawus ɗin wani Bature da muka fara tare ya fi nawa. Abinci kusan duk da naman alade, na rame, ban sami sallar Juma'a ko sau ɗaya ba. A gida kuwa ina ce musu komai lafiya. Malam, in daure ne ko in tattara in dawo?"

Wa alaikumus salam, ɗana. Na karanta wasiƙarka har na kai inda ka ce batun fasfo ba shi ne ya fi damunka ba, sai da na dakata na sake karanta layin, domin a cikin duk abin da ka lissafa shi kaɗai ne zai iya kai ka ofishin 'yan sanda, kuma shi ne zai yanke hukuncin tambayar da ka yi a ƙarshe. Na fahimci dalilin da ya sa ka sa shi a baya, tun da dariyar yara kullum kake jin ta a kunnenka, fasfo kuwa yana cikin aljihun teburin wani, ba ya yi maka ƙara. Duk da haka da shi zan fara, kuma ina so ka karanta wannan ɓangaren da natsuwa.

A Biyetnam baƙon da zai yi aiki yana buƙatar takardar izinin aiki, wadda mai ɗaukarsa aikin ne yake nema masa, kuma ana neman ta ne kafin ya fara, ba bayan ya yi wata biyu yana shiga aji ba. Bizar da ka shigo da ita, wadda ake nema ta intanet, tun watan Agustan 2023 aka buɗe ta ga 'yan kowace ƙasa aka kuma ƙara wa'adinta zuwa kwana 90, amma izinin shiga ne da zama na ɗan lokaci, ba ta halatta wa ɗan yawon buɗe ido ya tsaya gaban allo ana biyansa ba. Wataƙila an ce maka sunan mai neman sanin makamar aiki ya rufe ka. Lalle akwai sassauci ga ɗalibin da har yanzu yake karatu a wata makaranta ta ƙasar waje kuma yake da yarjejeniyar koyon aiki da wata hukuma ko kamfani a Biyetnam, amma shi ma sai an samo masa takardar da ke tabbatar da cewa an ɗauke masa neman izinin. Kai kuwa ka gama jami'a, ka gama bautar ƙasa, ba ɗalibin kowa ba ne. Bugu da ƙari, dokar ƙwadagon ƙasar ta 2019, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2021, ta ce duk sunan da aka sa wa yarjejeniya, muddin akwai aikin da ake biyan kuɗi a kansa kuma akwai mai ba da umarni da sa ido, to kwantiragin aiki ce. Wanda aka kama yana aiki ba izini ana cin tararsa miliyan 15 zuwa 25 na dong, kuɗin ƙasar, wanda mafi yawansa ya doshi dala dubu ɗaya, sannan a kore shi daga ƙasar. Ita ma cibiyar ana cin tararta, sai dai ita za ta biya ta ci gaba da kasuwancinta, kai ne za ka dawo da tambarin kora a fasfo.

Ita wannan doka, a sashe na 17, ta hana mai ɗaukar aiki ya riƙe asalin takardun shaidar ma'aikaci ko takardun karatunsa. Wajen neman izinin aiki kwafin fasfo da aka tabbatar ake haɗawa da takardar lafiya, da takardar shaidar rashin laifi daga 'yan sanda, da digirin da aka tantance. Asalin fasfon sai lokacin da za a kai shi hukumar shige da fice don buga sabuwar biza ko katin zama, kuma wannan aikin kwanaki ne, ana kuma ba da rasit. Saboda haka ka tambayi kanka: shin sun taɓa kai ka asibiti gwajin lafiya? Sun karɓi digirinka don a tantance shi? Idan amsar a'a ce, to babu wani izini da ake nema maka, ajiye ka kawai aka yi.

Ga abin da nake so ka yi cikin wannan mako. Ka rubuta wa shugabar cibiyar ko wanda ya karɓi fasfon saƙo ta manhajar waya ta Zalo, tun da da ita ake yawan harka a can, cikin ladabi ba tare da zargi ba, ka ce kana buƙatar fasfonka nan da kwana uku, ko kuma hoton rasit ɗin hukumar da aka kai shi. Ka yi shi a rubuce domin ya zama shaida, ka kuma adana hoton yarjejeniyar da ka sa wa hannu da jadawalin azuzuwanka da shaidar alawus ɗin da aka biya ka. Ka tambayi mai gidan da kake ko ya yi rajistar zamanka wurin 'yan sandan unguwa, domin doka ta ɗora masa wannan. Idan kwana uku suka wuce ana yi maka gobe jibi, ka tafi ofishin jakadancin Najeriya da ke nan Hanoi ka faɗi abin da ke faruwa, domin fasfon kadarar gwamnatin Najeriya ce, kuma idan ta kai ta kawo su ne masu ba da takardar tafiya ta gaggawa. Lissafinka ya nuna bizarka za ta ƙare a farkon Disamba. Kada ka bari rana ɗaya ta wuce wa'adin kana cikin ƙasar, ko da an rantse maka ana gyarawa, domin tarar wuce wa'adi a wuyanka za ta faɗa. Idan aka ce ka tsallaka wata ƙasa ka dawo da sabuwar bizar yawon buɗe ido ka ci gaba da koyarwa, ka sani an sabunta maka zama ne kawai, aikin yana nan a haramce. Idan kuma wani ya ji halin da kake ciki ya yi maka tayin aikin kwamfuta mai albashi mai tsoka a Kambodiya ko Laos ko Myanmar, ka toshe kunnenka; ta irin wannan tayi aka kai matasa da yawa, har da 'yan Afirka, gidajen da ake tsare mutane ana tilasta musu damfara ta intanet.

To, yanzu mu shiga aji, wanda shi ne fagen da na tsufa a cikinsa. Abu na farko da za ka sa a ranka shi ne matsayin da darasinka yake da shi a idon yaran. Tun shekarar karatu ta 2022 Turanci ya zama wajibi daga aji uku na firamare a ƙasar, amma malamarsu 'yar ƙasa ce take koyar da nahawu, ita take ba da makin da ke shiga rahoto. Kai kana zuwa sau ɗaya ko biyu a mako, na minti 35 a firamare ko 45 a sakandare, ba ka jin harshensu, ba ka san iyayensu ba. Yaro kuwa ko'ina yake a duniya ya san wanda ke riƙe da makinsa. Ba raina ka suka yi don kai baƙar fata ne ba, ko Baturen da kake magana idan ya gaya maka gaskiya haka suke yi masa. Maganin wannan shi ne ka jingina da ikon da ke cikin ajin tun kafin ka zo. Kowane aji yana da malamar da ke kula da shi, yana kuma da monita wanda yara ke jin maganarsa fiye da yadda kake zato. Ka je wurin malamar kafin darasi, ka gaishe ta, ka nuna mata abin da za ka koyar, ka tambaye ta inda suka tsaya a littafinsu, ka roƙe ta ta zauna a bayan aji. Malama da aka nemi shawararta takan tsaya maka. Wadda aka wuce ta gabanta kamar ba ta nan takan zauna tana duba wayarta ajin yana ci da wuta.

Ga ƙanana, kada ka yi gasar ɗaga murya da yara arba'in, za su ci ka. Ka raba ajin rukuni uku ko huɗu, ka rubuta sunayen rukunin a gefen allo, ka riƙa ba da maki ga wanda ya fara yin shiru da wanda ya amsa, ka kuma rage wa wanda ya yi hayaniya. Za ka ga su da kansu suna tsawata wa junansu. Ka sami alama ɗaya ta yin shiru, kamar tafi uku da za su maimaita, ka riƙe ta kullum ba canji. Kowane aiki kada ya wuce minti biyar zuwa bakwai, umarninka kuma ya zama kalma uku ko huɗu tare da nuni da hannu. Mu da bulala aka raine mu, kuma ba zan ɓoye maka ba na riƙe ta a farkon aikina kafin in gane ragwancin malami take rufewa, amma kai ko da wasa kada hannunka ya sauka a jikin ɗan wani. Doka ta hana, waya tana hannun kowa, kuma kai ne baƙon da babu wanda zai tsaya wa. Haka nan kada ka keɓe da yaro ko yarinya a ɗaki, kada ka sa hotunansu a Facebook ko TikTok don nuna wa 'yan gida kana aiki.

Shirun manya kuwa wani abu ne daban, kuma ka san shi daga gida idan ka tuna. Yaron da aka horar da cewa malami ne mai magana, aka kuma shekara ana auna Turancinsa da jarrabawar nahawu da karatu ta zaɓen amsa, ba zai miƙe gaban abokansa arba'in ya yi kuskure a yi masa dariya ba. Kunya ce, irin wadda take hana ɗan Bahaushe amsa tambayar da ya san amsarta. Tambayar da aka jefa wa aji gaba ɗaya ba ta da mai ita, saboda haka ka daina jefa ta. Ka sa su fara maimaitawa tare, inda muryar kowa ke ɓoye cikin ta jama'a, sannan ka ba su minti biyu su rubuta amsa, su karanta wa na kusa da su, kai kuma kana zagayawa kana saurare. Wanda ka ji ya yi daidai shi za ka kira da sunansa, domin ka riga ka san ba zai ji kunya ba. Kuskure kuma ka tara shi ka gyara a allo a ƙarshe ba tare da ka ce na wane ne ba. Game da suna, ka lura cewa a can sunan dangi ne ke zuwa a farko, kuma Nguyen ya cika ko'ina, sunan yanka shi ne na ƙarshe kuma da shi ake kiran mutum. Ka nemi jerin sunaye, ka sa su koya maka furtawa, ka bar su su yi maka dariya idan ka karkace. Malamin da ya yarda a gyara masa baki a gaban aji ya koya wa yara cewa kuskure ba ya kisa, kuma wannan ya fi darasi goma.

Wannan ya kawo ni ga dariyar da suke yi wa furucinka, inda zan gaya maka abin da wataƙila ba za ka so ji ba. Mu Hausawa muna da lalura sananniya a Turanci, wato cakuɗa p da f, har people ta koma wani abu, fifty ta koma wani. Yaran suna da sautin f a harshensu, suna kuma jin Turancin Amurka da Ingila a waya tun suna ƙanana, don haka kunnensu yana kamawa. Wannan ba wariya ba ce, gyara ne da ya hau kanka tun da furuci aka ɗauke ka ka koyar. Ka ɗauki muryarka a waya kana karanta darasin gobe, ka saurara, ka ware kalmomin da ke ba ka wahala, ka yi ta maimaita su minti goma kowane dare da takarda a gaban leɓenka, wadda za ta motsa idan ka furta p daidai. Ka kuma rage sauri.

Amma kana da wani jari da Baturen nan ba shi da shi, kuma ina mamakin ba ka gan shi ba. Shi Turanci ya tashi da shi, bai san wahalar koyonsa ba, kai kuwa ka hau wannan dutsen da ƙafarka. Harshensu mai karin sauti ne kamar namu. Yadda kuka na hawaye ya bambanta da kuka ta miya ta hawa da saukar murya kawai, haka kalmar ma a bakin mutanen Hanoi take da kari shida, tana iya zama fatalwa, ko kunci, ko kabari, ko dashen shinkafa. Kunnenka ya riga ya saba da wannan, za ka fi shi saurin kama sunayensu da gaisuwarsu. Sannan ka duba yadda harsunan biyu suke fama da cunkoson baƙaƙen Turanci. Mu wasali muke cusawa a tsakani, shi ya sa bread ta zama burodi a bakinmu. Su kuma yanke ƙarshen kalma suke yi, saboda baƙaƙe kaɗan ne ke iya rufe gaɓa a harshensu kuma ba a sakin su da ƙarfi, sai ka ji rice da right da ride duk sun zama abu guda. Aikatau a harshensu ba ya canza siffa don nuna lokaci, ƙananan kalmomi ake sa masa a gaba, suna kuma ba ya ɗaukar alamar jam'i a ƙarshe, shi ya sa s da ed suke ɓace musu. Idan ka mayar da minti biyar na kowane darasi kan ƙarshen kalma kaɗai, cikin wata guda malamarsu za ta ji bambanci, kuma ita ce za ta kai labarinka wurin shugaban makaranta.

Batun launin fata ba zan yi maka ƙarya a kansa ba. Kasuwar koyar da Turanci a can, kamar a wasu ƙasashen gabashin Asiya, tana fifita farar fata da fasfon ƙasashen da ake ɗauka su ne masu harshen, wato Amurka, Birtaniya, Kanada, Ostireliya, New Zealand, Ireland da Afirka ta Kudu, kuma ba a cika sa Najeriya a wannan sahu ba ko da Turanci ne harshen gwamnatinmu. Cibiyoyin kuɗin iyaye suke bi, iyaye da yawa kuma fuskar Bature suke ganin sun biya. Rashin adalci ne, amma ka bambanta shi da hannun yaro ɗan shekara takwas da ya taɓa gashinka. Wannan yaron bai taɓa tsayawa kusa da baƙar fata ba, kuma ka san yadda yaran ƙauyenmu suke bin Bature a baya suna kallo. Ka ba su darasi ɗaya kan inda ka fito, ka nuna musu hoton Gobarau da hawan sallah, ka koya musu cewa ba a taɓa mutum sai an nemi izini, ka wuce wurin. Maganar alawus kuwa ba yanzu ba ce, domin wanda fasfonsa ke hannun wani ba ya ciniki. Idan ka daidaita takardunka ka sami shaidar koyarwa irin TEFL ko CELTA, da sakamakon jarrabawar Turanci ta IELTS mai kyau, wanda ake yawan nema daga waɗanda ba a ɗauka masu harshen ba, a lokacin ne bakinka zai yi nauyi.

Akwai abu biyu da za ka kiyaye a aji. Ƙasar jam'iyya ɗaya ke mulkinta, hoton Ho Chi Minh, jagoran gwagwarmayar 'yancinsu, yana rataye a azuzuwa, don haka siyasa da wa'azin addini ba naka ba ne a gaban allo. Kuma ka duba duk taswirar da za ka ɗauko daga intanet, domin suna jayayya da Sin kan tsibiran da suke kira Hoang Sa da Truong Sa, har a 2023 an hana nuna wani fim ɗin Amurka saboda taswirar da ke cikinsa.

Ramar da ka yi da Juma'ar da kake rasawa sun fi sauƙin magani. A tsohuwar unguwar Hanoi, kan titin Hang Luoc, akwai masallacin Al-Noor wanda 'yan kasuwa Musulmi daga Indiya suka gina tun ƙarshen ƙarni na 19, kuma nan Musulmin birnin ke haɗuwa, 'yan ƙasa da ma'aikatan ofisoshin jakadanci da ɗalibai da 'yan kasuwa. Makarantu suna da dogon hutun tsakar rana, don haka ka roƙi mai tsara jadawali ya sauke maka darasin farko na yammacin Juma'a, ka hau babur ɗin haya na manhajar Grab ka je. A can za ka ji inda ake sayar da naman halal, a can kuma za ka haɗu da waɗanda suka riga ka shiga irin wannan matsala ta takardu suka fita. A sauran ranaku ka nemi gidajen abinci masu alamar chay, wato abincin da ba nama, wanda mabiya addinin Buddha ke ci musamman ranar 1 da 15 ga watansu. Ka yi hattara da romo, domin sau da yawa da ƙashin alade ake dafa shi ko da abin da ke sama kaza ce ko kifi, haka ma abin da ake shafawa a cikin burodinsu na bakin titi. Kasuwarsu kuwa cike take da shinkafa, kuɓewa, gyaɗa, dankali, rogo, barkono, ƙwai da kifi, ba abin da zai hana ka tuƙa tuwon shinkafa a ɗakinka. Ka sayi rigar sanyi tun yanzu, domin sanyin Hanoi daga Disamba zuwa Fabrairu mai danshi ne, yana shiga ƙashi ba kamar hunturunmu ba.

Ga amsar tambayarka. Idan fasfonka ya dawo kuma ka ga shaidar cewa an shigar da neman izini da gaske, ko ka sami wata cibiya da za ta nema maka shi tun kafin ka sake shiga aji, to ka daure. Mutanen nan suna girmama malami ƙwarai. Ranar 20 ga Nuwamba ranar malamai ce a ƙasar, yara suna kawo furanni, kuma a al'adar bikin sabuwar shekararsu ta Tet ranar farko ta uba ce, ta biyu ta uwa, ta uku ta malami. Kada ka yi mamaki idan yaran da suka fi ba ka wahala su ne za su fara miƙo maka fure da hannu biyu suna kiranka malam a harshensu, wato thầy. Idan kuwa ya tabbata babu izini kuma ba a da niyyar nemansa, ka daina shiga aji daga ranar da ka tabbatar, ka fita kafin bizarka ta ƙare da fasfo mai tsabta, wanda zai ba ka damar dawowa ta ƙofar gaba idan ka so. Shanu biyu sun riga sun tafi, zamanka cikin haɗari ba zai dawo da su ba.

Saura mahaifinka. Na san nauyin da kake ji, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, kuma dattijon da ya iya sayar da shanunsa dominka zai fi son ya ji daga bakinka da ya ji daga bakin wani bayan an tsare ka. Yana iya buƙatar lokaci ya haɗa kuɗin jirgi, shi ne kuma yake kusa da dillalin da ya karɓi kuɗinku, yana iya zuwa da shaidu ya tuhume shi. Ba sai ka kwashe masa labarin dariyar yara ba. Ka gaya masa batun fasfo da ranar da bizar za ta ƙare da abin da ka shirya yi. Hanoi tana gaban Katsina da awa shida, don haka idan ƙarfe goma sha biyun rana ta yi, yara sun kwanta barcinsu na tsakar rana, shi kuma ya dawo daga masallaci yana zaune a zaure. Ka tura saƙon Zalo ɗin da safe, da tsakar rana kuma ka kira shi.